Sarkin Gobir na Ina? Nasiha kan Yadda Manhaja ke Gane Gidan da Take Yi wa Aiki

Daga cikin tambayoyin da kowace manhajar intanet take amsawa sau dubbai a rana, ba tare da mai amfani da ita ya sani ba, akwai wata da ake rainawa saboda sauƙin lafazinta, wato wane gida ne wannan da ake yi wa aiki yanzu, kuma da wane suna aka kira shi. Matasan Sabon Birni da Isa da suka fara koyon rubuta manhaja, wasu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato, wasu kuma a kan wayar hannu da kwamfutar aro, sukan zuba ƙarfinsu a kan kyan fuskar shafi da saurin buɗewarsa, alhali amsar waccan tambaya ce take yanke hukuncin ko sakamakon ɗaliban wata makaranta zai ɓulla a shafin wata, da kuma ko saƙon sauya kalmar sirri zai kai mutum gidansa ko ya kai shi hannun ɓarawo. Ana amfani da kalmar gida a nan da ma'anar tarin shafuka da ke ƙarƙashin suna guda da mai shi guda, kuma abin da ake nema matashi ya riƙe shi ne cewa tambayar tana bukatar wurin amsawa guda ɗaya tak a cikin manhaja, sannan sunan da baƙo ya ambata iƙirari ne da sai an tantance kafin a gina wani abu a kansa.

Ɗan ƙasar Gobir ya fi kowa sauƙin gane wannan matsala, domin tarihin sarautarsa ya riga ya koya masa ita. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, Ɗan Halima ya ɓalle daga can ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Da Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka da yarjejeniyoyin 1904 da 1906, suka kuma aiko jami'ansu Tilho da O'Shee suka kafa mata alamomi a ƙasa, sai Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa ɓangaren Ingila. Sakamakon wannan tarihi shi ne laƙabin Sarkin Gobir ya zama suna ɗaya mai gidaje da yawa, ana jin sa a Tsibiri, ana jin sa a ƙasar Sabon Birni, ana jin sa a Isa da Gwadabawa, ta yadda duk wanda ya ce wasiƙarsa ta Sarkin Gobir ce, sai an tambaye shi na ina kafin a san hanyar da ɗan aike zai kama. Ko mawaƙi Ibrahim Narambaɗa, in za a ambaci ubangidansa, ba a tsayawa a laƙabin sai an ƙara da cewa na Isa. Mutane suna warware irin wannan ruɗani da tambaya guda, amma kwamfuta ba ta da dabarar tambaya kuma ba ta da basirar zato, don haka duk abin da aka tsara mata shi za ta bi, ko da zai kai wasiƙar Isa Gwadabawa.

Kafin a shiga zurfin maganar, akwai kalmomi uku da ya dace a fayyace. Kwamfutar da ke ajiye gidajen intanet tana miƙa shafukansu ga mai nema ana kiranta uwar garke, ko saba a bakin masu sana'ar. Kowace uwar garke tana da lambar da ake samunta da ita, wato adireshin IP, kuma tsohon tsarin waɗannan lambobi, IPv4, bai wuce adireshi kusan biliyan 4.3 ba, waɗanda hukumar IANA ta raba ragowarsu na ƙarshe ga hukumomin nahiyoyi a Fabrairun 2011. Sunan da ɗan Adam yake rubutawa a madadin lambar, kamar udusok.edu.ng, shi ne domen. A farkon zamanin intanet, fayil guda ne mai suna HOSTS.TXT, wanda wata cibiya a Kalifoniya ta Amurka take kula da shi, yake ɗauke da kowane suna da lambarsa, kowace kwamfuta tana kwafo shi lokaci-lokaci, har yawan kwamfutoci ya fi ƙarfin wannan dabara, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983, wato tsarin da ya rarraba alhakin sunaye hawa-hawa. A ƙarƙashin wannan tsari ne Nijeriya ta sami .ng, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 take gudanarwa, Nijar kuma ta sami .ne.

Aikin DNS yana ƙarewa ne da zarar ya kai baƙo ƙofar uwar garke, kuma a nan ne ainihin tambayar take tasowa, domin uwar garke guda mai lamba guda tana iya ɗaukar gidaje ɗari ko dubu. Misalinta misalin babban gidan gandu ne mai zaure ɗaya da sassa da yawa, inda baƙo in ya yi sallama sai ya faɗi wurin wanda ya zo kafin yaro ya shiga ya yi masa iso. A tsohuwar ƙa'idar musayar shafuka, HTTP/1.0, ba a wajabta wa burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ta faɗi sunan gidan da take nema ba, abin da ya sa kusan kowane gida sai da lambarsa ta kansa, kuma wannan almubazzaranci ne ga lambobin da dama ba su da yawa. Ƙa'idar HTTP/1.1 da ta fito a Janairun 1997 ta gyara wannan, inda ta wajabta wani layi a goshin kowace buƙata mai suna Host, wanda ke ɗauke da domen ɗin da ake nufi, ta kuma umurci uwar garke ta mayar da buƙatar da ba ta da wannan layi da lambar kuskure 400. Abin lura, wanda a kansa sauran maganar take tsaye, shi ne cewa baƙo ne yake rubuta wannan layi da hannunsa. Burauzar mutumin kirki tana rubuta gaskiya, amma duk wanda ya iya ƙaramin umarni a kwamfuta yana iya aika buƙata zuwa lambar uwar garke ya sa sunan da ya ga dama a wurin.

Mai rubuta manhaja a yau da wuya ya fara gini daga fili, yakan ɗauki firamwok ne, wato shiryayyen harsashi da ginshiƙai da wasu suka riga suka kafa, wanda ya ƙunshi karɓar buƙata, magana da rumbun bayanai, shigar da masu amfani da fitar da shafuka, shi kuma ya ɗora ɗakunansa a kai. Django, wanda aka rubuta da harshen Python, yana cikin waɗanda matasa suka fi fara koyo da su, kuma tarihinsa ya dace da wannan batu fiye da na kowane, domin a gidan jarida aka haife shi. Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi a 2003 a jaridar Lawrence Journal-World ta jihar Kansas, aka sake shi ga jama'a a Yulin 2005. Kamfanin jaridar yana da gidaje fiye da ɗaya, ciki har da LJWorld.com na labarai da Lawrence.com na nishaɗin garin, kuma sau da yawa labari ɗaya yakan dace da duka biyun, ga shi ba a so edita ya rubuta shi sau biyu. Maganin da suka samo shi ne wani ɗan tebur a rumbun bayanai mai ɗauke da domen da sunan kowane gida, tare da lamba guda a fayil ɗin saituna, SITE_ID, wadda take gaya wa kowane kwafin manhajar da ke gudana gidan da yake wakilta.

Wannan dabara ta biya bukatar jaridar, amma da Django ya bazu cikin duniya sai aka sami masu gida ɗaya tak waɗanda ba su ga dalilin kafa wancan tebur ba, don haka aka samar musu da hanya ta biyu mai suna RequestSite, wadda ba ta duba rumbun bayanai sam, sai dai ta ɗauki sunan gida daga layin Host na buƙatar da ta shigo. Daga nan aka shiga wani yanayi da duk wanda ya taɓa gadon manhajar wani ya san irinsa. Sashen da ke shigar da masu amfani da aika saƙon sauya kalmar sirri yana bukatar sunan gida, haka sashen da ke fitar da taswirar shafuka domin injinan bincike, haka mai fitar da jerin sababbin labarai, kuma kowannensu ya rubuta nasa ɗan sharaɗin na cewa in an kafa teburin a duba can, in ba a kafa ba a duba buƙata, wasu sassan ma ba su san da hanya ta biyu ba ko kaɗan. Babu wanda ya yi ganganci a cikin marubutan, kowa ya warware matsalar da ke gabansa ne a ranar da ya same ta, sai dai jimillar aikin ta zama kamar kasuwar da kowane mai awo ya zo da mudunsa. Gyaran da aka yi, wanda yake cikin Django 1.3 na Maris 2011, bai wuce ɗan gajeren aiki guda ba mai suna get_current_site, wanda ake miƙa masa buƙata ya mayar da gida, sassan da suke yanke hukuncin da kansu kuma aka mayar da su suna tambayarsa.

Ƙanƙantar wannan gyara ita ce darasinsa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Bai ƙirƙiro sabuwar hanyar gane gida ba, bai ma ce ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin biyu ta fi ɗaya ba, abin da ya yi kawai shi ne tattara hukuncin a wuri guda. Amfanin hakan ya bayyana a shekarun da suka biyo baya, domin a Django 1.7 na 2014 an ƙara wani matsakaicin sashe da ke liƙa gidan a jikin kowace buƙata tun daga ƙofa, sannan a Django 1.8 na Afrilun 2015 aka ba da damar a bar SITE_ID babu komai, manhaja ta nemo gidan a teburin ta hanyar sunan da ke cikin Host, wanda ya sa kwafin manhaja guda ya iya yi wa gidaje da yawa hidima a lokaci ɗaya. Da hukuncin yana warwatse kamar da, wannan sauyi zai bukaci a bi kowane sashe a gyara, a kuma yi fatan ba a manta da ko ɗaya ba, amma tun da zaure ɗaya ne, a zauren aka yi gyaran, sassan gida suka amfana ba tare da an taɓa su ba. Matashin da ya ga kansa yana rubuta sunan domen da hannu a cikin samfurin imel, sannan a cikin shafin rasit, sannan a cikin saƙon tes, ya riga ya fara gina irin waccan kasuwa mai mudu da yawa, kuma ranar da mai gida ya sauya suna daga .com zuwa .com.ng, ko aka kwafi manhajar domin wani abokin ciniki, ranar ce zai san adadin wuraren da ya manta.

Tattara hukunci a wuri guda rabin aikin ne, sauran rabin shi ne abin da wurin yake dogara da shi. Harin da ake kira gurɓata Host yana tafiya kamar haka. Mugu ya je shafin da ake neman sauya kalmar sirri, ya rubuta adireshin imel na wanda yake hari, amma a goshin buƙatar ya sa sunan domen ɗinsa a madadin na gidan. Manhajar da ta yarda da maganar baƙo sai ta ƙirƙiri lambar sirrin sauyawa ta gaskiya, ta haɗa ta da sunan da aka ba ta, ta aika wa mai asusun saƙon imel na gaskiya daga gidan gaskiya, alhali mahaɗin da ke ciki yana kaiwa ga uwar garken mugun. In mai asusun ya taɓa mahaɗin, lambar sirrin ta faɗa hannun ɓarawo, shi kuma ya koma gidan gaskiya ya sauya kalmar sirri ya shige. Babu ƙofar da aka fasa a duk wannan, yaron zaure ne aka gaya wa sunan ƙarya ya ɗauka ya rubuta a kan wasiƙar mai gida. Masu kula da Django sun fitar da gyaran tsaro kan wannan a Oktoban 2012, suka ƙara wani a Disamba, har a Fabrairun 2013 suka kawo saitin ALLOWED_HOSTS, wato jerin sunayen da mai gida ya amince da su, ta yadda duk buƙatar da ta zo da sunan da ba ya cikin jerin ake mayar da ita da lambar 400. Firamwok ɗin Rails ma ya kawo irin wannan jeri a fitowarsa ta 6.0 a 2019.

A nan ne mai koyo ya fi faɗawa tarko, kuma tarkon ba na jahilci ba ne, na gajiya ne. Ya kwana yana fama da ɗora manhaja a uwar garke, data tana ƙarewa, cajin waya yana ƙasa, sai shafin ya ƙi buɗewa saboda sunan bai shiga jerin ba, wani kuma ya ba shi shawarar ya sa alamar tauraro a ALLOWED_HOSTS, wadda ma'anarta ita ce a karɓi kowane suna. Shafin zai buɗe nan take, kuma ba abin da zai nuna cewa an yi ɓarna, domin ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da mai nemanta ya zo. Rubuta sunaye biyu ko uku na gaskiya bai fi sa tauraron wahala ba, bambancin kawai shi ne sai mutum ya tsaya ya san sunayen gidansa, da mai www da marar shi, ya kuma zaɓi guda ya zama na asali, sauran su riƙa tura baƙo zuwa gare shi.

Akwai kuma batun 'yan tsakiya. Da wuya buƙata ta isa ga manhaja kai tsaye, takan bi ta wata uwar garke mai tsaron ƙofa, irin su Nginx, ko ta kamfanin da ke rarraba nauyin baƙi, kuma waɗannan sukan sauya layin Host su ajiye sunan asali a wani layi mai suna X-Forwarded-Host. Tun 2011 Django ya daina kallon wannan layi sai mai gida ya kunna shi da kansa, saboda baƙo ma yana iya rubuta shi. Ƙa'idar ita ce kada a kunna shi sai an tabbatar cewa mai tsaron ƙofar yana share duk abin da baƙo ya rubuta a wurin ya sa nasa, kuma babu wata ɓarauniyar hanya da ake isa ga manhajar ba ta wurinsa ba.

Yanayin ƙasar iyaka yana ƙara wa batun wani nauyi da littattafan koyarwa ba su cika tunawa da shi ba. A ƙaddara wata ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi da dabbobi mai mambobi a Sabon Birni da Maraɗi ta nemi a gina mata manhaja guda mai gidaje biyu, ɗaya a ƙarƙashin .ng ɗaya a ƙarƙashin .ne. Sanin gidan da ake ciki shi zai yanke ko farashi zai fito da naira ko da sefa, ko lambar waya za ta fara da +234 ko +227, ko harshe na biyu zai zama Ingilishi ko Faransanci, har ma da ko za a rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri irin ta Nijeriya ko da harafi mai lanƙwasa irin na Nijar. Mai koyo yakan ji sha'awar barin manhaja ta yi hasashen ƙasar baƙo daga adireshin IP ɗinsa, ta zaɓa masa gida da kanta, kuma wannan yana iya yin aiki a Abuja ko Yamai, amma a bakin iyaka kuskure ne tun daga tushe. Mutanen ƙauyukan da ke dab da iyakar sun san waya takan kama sabis na Nijar mutum yana zaune a gonarsa ta Nijeriya, da yawa kuma suna riƙe da layukan ƙasashen biyu, don haka ɗan Sabon Birni da ya shiga da layin Nijar zai bayyana ga manhaja a matsayin ɗan Maraɗi, a nuna masa farashin sefa, wataƙila ma a ce ba a san asusunsa ba. Sunan da mutum ya nema, bayan an tantance shi da jerin, shi ne shaidar gidan da yake nufi, wurin da yake tsaye kuwa bai wuce a yi masa tayi da shi ba, a tambaye shi ko yana son komawa ɗaya gidan.

Mafi wuyar sashen maganar shi ne ayyukan da ba su da baƙo. Duk abin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa akwai buƙata da ta shigo ɗauke da suna, amma manhaja tana da ayyukan da take yi ita kaɗai, kamar aika wa iyaye saƙon tes da tsakar dare cewa sakamakon jarrabawa ya fito, ko tuna wa mai juna biyu ranar awo, ko sake gwada saƙon da ya ƙi tafiya jiya. A irin wannan lokaci babu Host da za a duba, kuma in kwafin manhajar guda ne ke yi wa makarantar Isa da ta Sabon Birni aiki, babu SITE_ID guda da zai dace da duka. Mafita ita ce a rubuta gidan a jikin bayanin tun ranar da aka ƙirƙire shi, ta yadda kowane ɗalibi, kowane rasit da kowane saƙon da ke jiran tafiya yana ɗauke da alamar gidansa, aikin dare kuma ya karanta daga can. Wanda ya ga abin da ya faru a Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni, ya san cewa a wannan yanki tazarar da ke tsakanin rubuta saƙo da karanta shi tana iya zama makonni, don haka saƙon dole ya san gidansa da kansa, ba tare da jingina ga yanayin da aka rubuta shi a ciki ba. Wannan alama ɗaya ce kuma take hana bayanan wani gida zubowa a wani, muddin kowace tambaya da ake yi wa rumbun bayanai tana bi ta matatar gida, haka ma ma'ajiyar wucin gadi da ake ajiye shafukan da aka riga aka haɗa domin sauri, wadda in ba a sa sunan gida a cikin mabuɗinta ba, za ta miƙa wa baƙon Isa shafin da aka dafa wa Sabon Birni.

Wani ƙaramin abin kunya da kusan kowane mai koyon Django yake faɗawa sau ɗaya shi ne example.com. Da zarar an kafa teburin gidaje, Django yakan cika layin farko da wannan suna, wanda aka keɓe tun 1999 domin misali a rubuce-rubuce, ba mallakar kowa ba ne cikin masu gina shafuka, kuma in ba a sauya shi ba, saƙonnin sauya kalmar sirri da taswirar shafuka duk za su riƙa nuna can. Gyaransa minti ɗaya ne, sai dai ya fi kyau a rubuta gyaran a cikin matakan kafa manhajar, domin abin da aka bar wa tunanin mutum za a manta da shi a kafawa ta biyu. Adalci kuma ya sa a faɗi cewa tsarin Django ɗin kansa bai cika ba, domin teburin yana ajiye domen da suna ne kawai, bai san ko gidan yana amfani da http ko https ba, don haka aikin da ba shi da buƙata a hannu sai an tanadar masa wannan a wani saiti na daban. Wanda ya ƙara irin wannan saiti ya kamata ya ajiye shi dab da wurin amsar guda, ya rubuta ɗan aiki ɗaya da ke haɗa cikakken mahaɗi, ya hana kansa da abokan aikinsa haɗa shi da hannu a ko'ina.

Matashin da ba ya rubuta manhaja ma yana da rabo a wannan ilimi, domin irin tambayar da firamwok yake amsawa ita ce yake amsawa duk lokacin da aka turo masa mahaɗi a WhatsApp cewa ana ɗaukar aiki ko ana raba tallafi. Ana karanta domen ne daga dama zuwa hagu, a fara daga inda sunan ya ƙare kafin alamar karkatacciyar sanda ta farko da ta biyo bayansa. A jamb.gov.ng, .ng ita ce ƙasa, gov.ng rukunin hukumomin gwamnati ne wanda ba kowa ake ba suna a cikinsa ba, jamb kuma shi ne mai gida, duk abin da ya zo a hagunsa ɗaki ne a cikin gidan. In kuwa aka ga waɗannan kalmomi a farkon suna, sannan wani suna ya biyo baya ya ƙare da .com ko wani abu daban, to mai gidan shi ne wancan na ƙarshe, kalmomin farko riga ce kawai ya ara. Burauza ma tana bukatar sanin inda rukuni ya ƙare mai gida ya fara, kuma tun da ba a iya gane hakan daga ƙirga ɗigo, ganin cewa com.ng rukuni ne alhali wani suna mai irin tsawonsa gida ne, sai aka dogara da jeri guda da Mozilla ta fara tattarawa, wanda manyan burauzoji suke amfani da shi wajen hana wani gida karanta ko dasa bayanan shiga na maƙwabcinsa.

Hanyar da mai rubuta manhaja zai san ko ya yi aikin daidai ba ta bukatar kayan aiki masu tsada, kuma ana iya yin ta a kwamfutar aro ba tare da intanet ba. Ya bincika duk fayilolin manhajarsa ya ga sau nawa sunan domen ya fito a rubuce, in ya wuce fayil ɗin saituna da teburin gidaje, to akwai sauran mudun da ba a karɓe ba. Ya rubuta gwaji da ke aika buƙata da sunan da ba ya cikin jerin, ya tabbatar amsar 400 ce, sannan ya nemi sauya kalmar sirri ta kowane gida ya buɗe saƙon da aka haɗa ya karanta mahaɗin harafi-harafi. Bayan haka ya ƙirƙiri ɗalibi a gidan Isa, ya shiga ta gidan Sabon Birni ya neme shi da lambarsa kai tsaye, ba ta jerin sunaye ba, domin jerin yakan bi ta matata alhali shafin mutum guda an manta da shi, kuma amsar da ake so a nan ita ce 404, wato babu wannan a gidan nan. Daga ƙarshe ya kunna aikin dare da hannunsa, ba tare da wata buƙata ta shigo ba, ya duba ko saƙon iyayen Isa ya fita da sunan gidan Isa.